Mutumin da Ya Saka Danginsa a Tanderu

Sai-Ya-Huce ake ce masa, kuma a shekara talatin da ɗaya da ya yi a ɗakin gwajin ƙarafa na jami'a, da wuya a sami mutum biyar da suka san yana da wani suna ban da wannan. Allah ya jiƙansa, gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da gashin gira ko ɗaya, don tun yana saurayi wuta ta kwashe su, su kuma ba su ga dalilin dawowa ba. Duk wanda ya zo ya tsaya masa a ka yana cewa a buɗe tanderu, ɗalibi ne ko babban malami, amsa ɗaya yake samu: sai ya huce.

A gidan burodi ya fara sanin wuta. Daga nan ya koma kamfanin gasa bulo, inda wani malamin jami'a da ya je neman bulo mai jure zafi ya lura da shi. Gajeren nan zai leƙa ta 'yar taga, ya dubi launin wutar, ya faɗi zafinta, a je a duba ma'auni a tarar bai kauce da yawa ba. Haka aka ɗauko shi. Karatunsa bai wuce na rubuta wasiƙa ba, amma rubutunsa a tsaye yake, kowane harafi da tsayuwarsa.

Aikin ɗakin nan, in an cire manyan kalmomi, azabtar da abubuwa ne. Ana haɗa ƙarfe da tangaran iri-iri, ba irin tangaran na kofin shayi ba, wani mai taurin kai da ake so a sa a cikin injin jirgin sama, inda zafi zai narkar da ƙarfen ƙofa kamar kitse. Sai a yi su ƙanana, kowanne kamar maɓallin kwat, su ake kira samfur. A jera su a tire, a tura cikin tanderu mai zafin digiri dubu ɗaya da ɗari huɗu. Bayan kwana huɗu a kashe, a jira su huce, a auna nauyin kowanne a wani sikeli mai ɗakin gilashi wanda ko numfashin mutum yana motsa shi, sannan a mayar da su wuta. Haka za a yi ta yi har sati shida. Wani ya tsage, wani ya yi ɓawo yana zubarwa. Wanda ya fito kusan yadda ya shiga, shi ake rubuta wa takarda.

Matsalar ita ce samfur ba ya riƙe sunansa a wuta. Tawada ƙonewa take yi, fenti ma haka. In ka karce lamba a jikin tangaran kuwa, kai da kanka ka nuna wa tsaga hanya. Saboda haka da wurin zama ake gane kowa. Ɗalibi zai zana tiren a takarda, ya rubuta lamba a kowane gurbi, shi ke nan.

Shi kuwa Sai-Ya-Huce lambobi ba sa zama a kansa. Amma a gidan mutum arba'in ya tashi, kuma yana iya gaya maka wa ya zauna kusa da wa a taron da aka yi shekara goma da suka wuce, da wanda ya matso gaba da aka kawo abinci. To tun satinsa na farko ya samo wa kansa hanya. Ranar da za a jera samfura, ɗalibi yana kiran lamba, shi yana ɗaukar kowanne da hantsaki, ya juya shi a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Ba ya rasa ganin wani abu: ɗigo kamar tawadar Allah, ko ɗan gutsure a gefe kamar kunne, ko bayan da ya ɗan ranƙwafa. Nan take sai fuskar wani ta faɗo masa. Ya ajiye samfurin a gurbinsa, ya juya baya, ya zaro wani ɗan littafi mai baƙin bango daga aljihun rigar aiki, ya rubuta lambar da sunan mutumin. Duk ranar awo kuma ya ƙara rubuta halin da kowa ke ciki.

Dangin matarsa ne suka fi shan wutar. A gabansu ba a taɓa jin muryarsa ta ɗaga ba. Akwai Goggo, ƙanwar mahaifin matar, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, kuma ba ta taɓa yarda cewa 'yarta ta yi dacen miji ba. Bayan shekara talatin har lokacin mai burodi take ce masa. Ta zo gidan ta duba labule, ta duba kujeru, ta ce, "Mai burodi, har yanzu gashi ake yi?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ana taɓawa, Goggo." Washegari ya je ya zaunar da ita a tsakiyar tire, inda zafi ya fi haɗuwa.

Littafin da ya cika, sai ya kai shi gida ya sa a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ya gaya wa matarsa, wadda yake kira Maman Auta, cewa bayanin zafin tanderu ne. Ita kuwa tana da nata zafin murhun da ya ishe ta, sai dai ta goge wa akwatin ƙura ta mayar da shi.

Saura masa wata takwas ya ajiye aiki aka yi abin da ya tona shi.

Akwai wata ɗaliba da ake kira Mai Tabarau, siririya, mai saurin tafiya kamar ana biye da ita. Baba take ce masa, shi kuma 'yata. Shekara uku ta yi tana niƙa da tankaɗe da gasa wani garin tangaran, har ta fitar da samfur goma sha biyu. A ido duk ɗaya suke, launin toka. Bambancinsu a ciki yake, wannan an ƙara masa ɗan barbaɗin wani sinadari, wancan an rage. Garin ya ƙare ƙaf, wa'adin karatunta kuma saura wata biyu. In waɗannan sha biyun suka lalace, shekara ukun ta tafi ke nan, babu inda za ta samo wasu.

An yi awo huɗu lafiya. Ranar awo na biyar, wani haƙori na can ciki ya tasar wa Sai-Ya-Huce har ba ya iya haɗiyar yawu. Ya taɓa ƙofar tanderu da bayan hannu, ya ji ya huce, ya ce mata, "'Yata, zan je a cire mini wannan maƙiyin. Ki bar su su kwana, gobe ma rana ce."

Ta ce, "To, Baba."

Wannan to ɗin bai kai awa ɗaya ba. Ta zaro tiren da kanta, ta nufi ɗakin sikeli, hannun rigarta ya maƙale a mariƙin ƙofa. Tiren ya karkace. Goma suka zame suka taru a kusurwa ɗaya, biyu suka gangara ƙasa, ɗaya har ƙarƙashin kabad. Allah ya tsare babu wanda ya fashe. Sai dai zanen da ke hannunta ya zama takardar banza, don ba wanda ya san wa ke zaune a ina.

Da safe ya shigo da kunci ɗaya a kumbure da auduga a baki, ya tarar da ita a kan doguwar kujera, ta cire tabarau, ta tasa samfuran a gaba a kan farar takarda. Ga alama ta gama kukan tun jiya, yanzu kallo kawai take yi.

Ta ce, "Baba, kada ka ce komai."

Da ma bakin ba ya buɗuwa sosai. Ya wanke hannu, ya ɗauki hantsaki da gilashinsa, ya jawo tiren. Ya ɗaga na farko ya juya shi, ya yi wani ɗan gurnani irin na wanda ya haɗu da mutumin da bai so haɗuwa da shi ba, ya ajiye shi a tsakiya. Ya ɗaga na biyu. Kafin ruwan shayin da ta ɗora ya tafasa, duk sha biyun sun koma mazauninsu.

Ta mayar da tabarau ta dubi tiren, ta dube shi. "Baba, da me ka gane su?"

Ya ce, "Mun saba."

Ana haka Farfesa ya shigo, shugaban sashen, wanda aikin ɗalibar ke ƙarƙashinsa. Babban mutum ne ta kowace fuska, kujerarsa ma daban aka ƙera masa. Yana da ilimi, ba a musu, amma ba ya ɗaukar raini. An taɓa canza wa wani direba wurin aiki don an kama shi yana kwaikwayon tafiyarsa. Ya ji abin da ya faru, ya dubi tiren da aka jera, ya girgiza kai.

Ya ce, "Malam, ban ƙaryata idonka ba. Amma ba a rubuta 'Baba ya gane su' a takardar digiri. Na'urar da za ta faɗi abin da ke cikin kowanne sai an yanka shi, su kuma saura sati biyu su gama zaman wuta. In na bari aka ci gaba, aka zo aka ga an haɗa awon wannan da na wancan, sunana ne a kai. Sai dai in akwai shaida a rubuce, wadda aka rubuta kafin jiya. In babu zuwa la'asar, a kwashe su a zuba a kwandon shara."

Ya fita. Mai Tabarau ta sake cire tabarau.

Sai-Ya-Huce ya ji littafin nan a aljihunsa ya yi nauyi kamar bulo. Shaida kam akwai ta, da kwanan wata, da siffar kowa dalla-dalla. Goggo ba ta dame shi ba, Farfesa bai san ta ba. Abin da ya dame shi lamba ɗaya ce.

Ya je ya yi sallar azahar a ɗan masallacin bayan ginin, ya zauna a kan tabarma yana juya abin. Ya yi tunanin yage shafi ɗaya, sai ya tuna bayan shafin akwai mutum uku. Ya yi tunanin sayo sabon littafi ya kwafe da lambobi zalla, ya ɗan murza shi ya tsufa, sai ya ji kunya, ga shi ko tashi bai yi daga inda ya kai goshinsa ƙasa ba. Ya tuna wata takwas ɗin da suka rage masa, da yadda yake so ya fita daga ginin nan ana yi masa addu'a. Ya tuna yarinyar nan tana tankaɗe gari shekara uku, gashin idonta fari fat da ƙura. A ƙarshe ya yanke shawara irin ta mai wayo: zai kai littafin, amma shi zai karanta da bakinsa, ya faɗi alamomin, ya tsallake sunaye.

Ya manta da haƙorin.

Da suka taru a gaban tiren su uku, ya buɗe littafin ya fara. Abin da ya fito daga bakin nan mai auduga, ko shi kansa bai gane ba. Farfesa ya saurara na ɗan lokaci, ya miƙa hannu.

"Kawo, Malam, kada ka fama ciwon. Ni zan karanta."

Ya gyara tsayuwa, ya karanta da muryar da yake koyar da aji.

"Lamba bakwai, Goggo. Tana da tawadar Allah a gefen hanci." Ya tsaya. "Wace ce Goggo?"

Sai-Ya-Huce ya nuna na tsakiyar tire da hantsaki. Farfesa ya ɗauki gilashi ya duƙa. Ɗigon yana nan a inda aka ce. Ya koma littafin.

"Awo na ɗaya, ba ta ce komai ba, amma ta ga komai. Awo na uku, na kusa da ita duk sun fara ɓawo." Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya juya shafi. "Lamba huɗu, Yaya Babba. Kunnen hagu a gutsure. Ya tsage tun kwana na huɗu, yana zaune kamar ba shi ba." Ya duba, ga kunnen, ga tsagar siririya kamar gashi. Dariya ta ƙwace masa har da dafa tebur. "Malam, ashe haka kake? Shekara nawa muna tare kana mana shiru-shiru."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da tela, da mai gidan haya, da wata ƙanwar matar da aka rubuta cewa tana sheƙi a gaban mutane tana zubar da gari ta ƙasa. Kowace alama aka duba sai a same ta. Mai Tabarau tana rubutawa. Farfesa ya share hawayen dariya ya ƙirga.

"Sha ɗaya. Ina lamba ɗaya?"

Sai-Ya-Huce ya dubi silin.

Farfesa ya koma shafin farko da kansa. Ya fara da ƙarfi, muryar tana raguwa a hankali, amma da yake mutum ne da ba ya barin karatu a tsakiya, sai da ya kai ƙarshe.

"Lamba ɗaya, Farfesa. Ya fi kowa faɗi. Yana gaba kusa da ƙofa, inda zafi bai cika kaiwa ba. Awo na biyu, ya ƙara nauyi. Awo na uku, ya sake ƙarawa, ba a ga aikin da ya yi ba. Awo na huɗu, sama sumul, ciki sai Allah."

Mai Tabarau ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije, ta ƙura wa bango ido kamar an rubuta wani abu a jiki.

Farfesa ya rufe littafin. Ya karɓi hantsaki, ya ɗauki lamba ɗaya da hannunsa, ya kai shi sikeli, ya rufe ƙofar gilashin. Suka jira lambobin suka tsaya. Ya dubi takardar awon da ya wuce, ya dubi sikelin.

Ya ce, "Ya ƙara."



Ya juyo. "Wannan maganar ta bakin ƙofa. Da digiri nawa zafin ya gaza na ciki?"

Sai-Ya-Huce ya ɗaga yatsu goma.

"Shekara nawa ka san haka?"

Ya ɗaga kafaɗa, alamar an daɗe.

Farfesa ya ce wa ɗalibar, "Rubuta wannan, dole ya shiga takardarki. A mayar da su wuta. In an gama an yanka, aka sami ko ɗaya ba daidai ba, ku biyun za ku gane ni. Littafin nan a ɗauki hotonsa a haɗa da aikin, a rufe sunaye." Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "Malam, gwaji na gaba a kai ni can ciki. In ga wanda zai ce ban yi aiki ba."

Bayan sati biyu aka yanka su. Sha biyun duka suka fito daidai da yadda ya jera. Wanda ya fi kowa jure wuta kuwa, babu tsaga, babu ɓawo, nauyi bai motsa ba sai abin da ba a rasa ba, lamba bakwai ce. A kanta Mai Tabarau ta gina takardarta, ta kuma sami digirinta. Abin da Sai-Ya-Huce ya rubuta wa Goggo a layin ƙarshe shi ne, "Wuta ta yi iya yinta."

Da maganar ta tsaya a wurin aiki, da shi ke nan. Amma wata ranar hutu da hantsi Mai Tabarau ta zo gidan yin godiya, ta kawo wa Maman Auta yadi. Aka shigar da ita falo. A babbar kujera akwai wata tsohuwa zaune tana duban labule, da tawadar Allah a gefen hanci. Yarinyar ta tsaya cak, maganar ta fito kafin ta kama ta.

"Lamba bakwai."

Tsohuwar ta juyo a hankali. "Me kika ce, 'yar nan?"

Sai-Ya-Huce yana bakin ƙofa da butar shayi. Ya duba hanyar fita, ya ga Maman Auta ta tare ta.

Goggo ba ta bar yarinyar ba sai da ta zazzage mata komai. Ta saurara fuska a ɗaure. Da aka gama ta ce, "Sati nawa na yi a ciki?"

"Shida, Goggo."

"Su wa da wa aka saka tare da ni?"

Aka lissafa mata. Da aka zo kan Yaya Babba, wan Maman Auta, ta ce, "Shi kwana nawa ya yi?"

"Huɗu."

"Ya ma yi ƙoƙari." Ta gyara zama. "Shi wannan Farfesan fa?"

"Ƙiba ya yi, Goggo."

"Ni kuma ko gezau."

"Ko gezau."

Tsohuwar ta miƙa kofinta aka zuba mata shayi. Ta kurɓa, ta dubi surukin nata sama da ƙasa kamar yau ta fara ganinsa. Ta ce, "Mai burodi, ashe kana da ido."

Iyakar yabon da ya taɓa samu daga gare ta ke nan, kuma ya riƙe shi har ƙarshen ransa.

Da baƙi suka tafi bayan la'asar, Maman Auta ta jawo akwatin ƙarfen nan tsakiyar ɗaki. Littafi sittin da wani abu. Ta bi su shafi-shafi. Ta ga yayyenta da ƙannenta, ta ga mai wankin unguwa, ta ga malamin makarantar Auta, har wata maƙwabciya da suka rabu da ita shekara ashirin ta gani. Kanta ne ba ta gani ba.

Ta ce, "Wato kowa ya isa ka tuna da shi a wurin aiki ban da ni. Har mai wanki."

Ya ce, "Ke ai ba a tire kike ba."

"To a ina nake?"

Ya ɗan ja baya zuwa ƙofa. "Duba cikin bango."

Ta buɗe bangon littafin farko, wanda ya rubuta suna da wata uku da aure. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na ƙarshe. A farkon littattafan amarya ya sa, daga baya ya koma sunan da ya saba kiranta, amma maganar ɗaya ce, da rubutun nan nasa mai tsayuwa: "Tanderu, Maman Auta. Ba a buɗewa sai ta huce."

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Shi kuwa bai matsa ba, bai ba da haƙuri ba, bai taɓa ƙofar ba. Ya ci abincinsa, ya yi sallarsa, ya jira. A rana ta uku da safe ta ajiye masa shayi ta ce, "Ita ƙanwata ai gaskiya ka rubuta."

Ya ajiye aiki a lokacinsa, Farfesa da kansa ya yi jawabi, ya ce a tsawon aikinsa mutum ɗaya ne ya taɓa auna shi daidai. Sai-Ya-Huce ya yi shekara huɗu a gida yana gyaran murhun maƙwabta ba tare da an roƙe shi ba, sannan Allah ya karɓi abinsa bayan gajeriyar jinya. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya nisanta shi da wutar da ba ta hucewa.

Akwatin yana nan a ƙarƙashin gado, yanzu ba ƙura kawai ake goge masa ba. Goggo ma tana nan da ranta. Ta haura casa'in, kuma duk wanda ya je gaishe ta sai ta gaya masa sati nawa ta yi a ciki.